Tandar da Ba a Gutsire wa Baki Ba

Ni ba tsohuwa ba ce. Ko furfura ɗaya ba ta fito mini ba, ɗana na fari ma bai isa shiga makaranta ba. Amma in na zauna ina tuna Kutamar da na tashi a cikinta, sai in ji kamar wata gyatuma ce zaune a ƙirjina tana ba ni labari, don kusan duk abin da na sani a can ya tafi. Abin da ya tayar mini da wannan tunani kuwa hayaƙi ne. A nan Garo inda nake aure, can bayan gari, wasu samari sun kafa wurin fasa tsofaffin baturan mota suna narka dalmar ciki. In iska ta juyo da yamma, wani wari mai ɗaci yake shigowa har tsakar gida ya maƙale wa mutum a maƙogwaro. Da na ji shi nake sungumar ɗan nawa Abba in shige ɗaki in ja taga. Maigidana ya yi ta dariya, wai ni ko ƙuda ne ya yi atishawa sai na ce annoba ta shigo gari. Ba laifinsa ba ne, bai ga abin da dalma take yi ba. Ni na gani, ina tsaye da tulu a kaina.

Babanmu maharbi ne, kuma shi ne mai yi wa maharban yankinmu zubin dalma. A lokacin bindigar toka ta zomo ce da zabin daji da gafiya, sai birai masu ɓarnar masara. Ba a tsoron mai bindiga, tsokanarsa ma ake yi in ya dawo da jaka wayam. Maharba kan kawo wa Baba tarkacen dalma duk inda suka tsinto ta, ta jikin komar masunta, guntun tsohon bututu, ɓallin da ke faɗowa daga ƙafar mota. Shi kuma ya narka a kaskon ƙarfe a bayan gida, ƙarƙashin wata tsamiya, ya yaye dattin da ya taso sama, ya zuba tsarkakakkiyar ta daskare dunƙule-dunƙule. Kowa ya ɗauki rabonsa ya je gida ya yi harsashinsa daidai bakin bindigarsa. Har yau ina jin numfashin zuga-zugin nan, fuu-fat, fuu-fat, da ƙarar ludayi a gefen kasko, da karnuka suna hamma a inuwa, da maharba suna sharara wa juna ƙarya kan gadar da ta tsere musu tun kafin a haife ni. Mu yara ba a barin mu matsa. Akwai wata saiwar tsamiyar da ta fito saman ƙasa, ita ce iyakarmu. Wanda ya ƙetare ta, ranar zai san Baba yana da hannu.

Narkawar ba ita ce gwanintar Baba ba, kowa ma in ya sami gawayi zai narka. Gwanintarsa zaɓen abin da za a zuba a ciki. Wasu kan haƙa 'yan ramuka a ƙasa su zuba, Baba ya ce ƙasa munafuka ce, samanta a bushe cikinta da raɓa. Wasu kan zuba a gwangwanin madara, sai dalmar ta kama jikinsa ta ƙi fita, sai an yage shi da almakashi ana zagi. Wani ya taɓa zubawa a kwanon matarsa, gindin kwanon ya lotsa, aka kwana ana shari'a a gidan. Shi Baba tandar waina yake so, ta yumɓu, kuma tsohuwa wadda ta sha wuta ta gaji. Kowane gurbi ya ba da dunƙule guda, zagayayye, mai daɗin riƙo, in ta huce ka kifa ta faɗo da kanta. Maharba ma wainar maharba suke kiranta. Ranar kasuwar Gwarzo yakan bi masu waina yana tayin tsofaffin tandunansu, su yi ta yi masa ba'a: "Malam, ko uwargidan ce ta yi yaji za ka kama sana'a?" Ya ce, "Wainata ba ta son miya, Hajiya, kuma wanda ya ci guda ba ya neman ƙari." In ya ɗauki tanda sai ya ƙwanƙwasa ta da farce ya kai kunne, ya kara ta a kumatunsa ya ji ko da sanyi. In ya kawo ta gida ya kifa ta a kan garwashi har sai ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Yana cewa dalma da ruwa ba su taɓa gaisawa ba, ɗigo ɗaya ya isa ta yi tsalle ta nemi fuskar mai zuba ta.

Sai abu na ƙarshe, wanda ba ya taɓa tsallakewa. Kafin dalma ta taɓa tanda, sai ya ɗauki dutse ya gutsire mata baki, ɓalli guda babba wanda ko a duhu hannu zai ji shi. Wannan shi ne shaida. "Tandar da ta ci dalma ta yi sallama da madafi," in ji shi. Duk matan unguwarmu sun san haka, ko yarinya ce ta ga tanda mai gutsurarren baki ba za ta zuba mata ƙullu ba. Ba mu da wani likita da ya gaya mana dalili, Baba dai ya ce gubarta ba ta kisa yau, lallaɓawa take ta cinye wa yaro wayo. Sai da na girma na ji ana faɗin haka a rediyo, na ce ashe. Yanzu fa? Samarin bayan garin nan a wani ƙarfe da mai walda ya haɗa musu suke zubawa, dogaye kamar sandar sabulu, babu bismilla babu iyaka, yara suna wasa a cikin tokar. Ba wanda yake tambayar ina dalmar za ta, zomon ma ai ya ƙare a dajin, kowa ya san ba don shi ake zubin ba. Da, mutum ɗaya ne ke zubi gari guda ya san hannunsa. Yau kowa mai zubi ne, ba wanda ya san gefen da hayaƙinsa ya nufa.

Baba yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Baffa. Katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasa, rijiya ma ɗaya muke sha, a tsakar gidansa take. Shi ma yana taɓa harbi, amma bakinsa ya fi bindigarsa ƙara. Wata damina dila ya addabi wata ruga wajen Sabon Birni, yana ɗauke musu 'yan awaki. Baffa ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya daki ƙirji ya ce kafin Juma'a zai shimfiɗa fatar dilan nan ya yi salla a kai. Ya dawo gida ya tarar ba shi da ko ƙwayar harsashi. Baba kuwa ba ya son zubi da damina, ga shi rumfar da yake ajiye tandunansa ta yi yoyo, duk sun sha ruwa. Ya ce wa Baffa ya yi haƙuri su bushe. Baffa ya ce in aka jira, mutanen Sabon Birni za su sa shi a waƙa. Ya yi ta naci, ya tara maharba, har Baba ya hura wuta ya ce to, in an sami busasshiyar tanda.

Da hantsin ranar Inna ta aike ni ɗebo ruwa. Na tarar da matar Baffa tsugune a bakin rijiya tana wanke tandarta da toka, ta gama suyar safe. Ja ce, mai gurbi bakwai, maginiyar ta yi mata zanen igiya a gefe. Tana ɗauraye ta Baffa ya shigo ya fizge ta daga hannunta, ya goge da gefen rigarsa, ya dumbuzi toka a murhu ya mulke ta ciki da waje, ya fice. Matar ta bi shi da "Malam, ina za ka kai mini?" bai ko waiwayo ba. Na cika tuluna na ɗora a ka. Ina zagayowa bayan gida na hango ta a gaban Baba, fari fat da toka kamar ta shekara a rataye, Baba ya ɗebo dalma a ludayi tana ƙyalli.

Ban san lokacin da na ƙetare saiwar tsamiya ba. Na ce, "Baba, jiƙaƙƙiya ce! Yanzu aka wanke ta a rijiya!"

Baffa ya juyo. "Ke, rufe mana baki! Wa ya kira mace wurin dalma?"

Baba ya tsaya da ludayi a sama. Ya dube ni, ya dubi ƙanensa. Ya ce, "Ka ji abin da ta ce."

"Yaya, maganar yarinya za ka bi? Wallahi tallahi, tun kakar bara tandar nan take rataye a saman murhu. Na rantse da Wanda ya halicce ni, na rantse da nonon da muka sha."

Maharba sun fi biyar a wurin, duk sun zuba musu ido. Na ga hannun Baba na hagu ya miƙa zai ɗauki tandar, na san kumatunsa zai kai ta. Sai hannun ya tsaya a hanya, ya koma kan gwiwarsa. Ranar ce kaɗai azalzala ta sa ya manta da gutsire baki, ya yi bismilla ya zuba. Gurbin farko lafiya. Na biyu ya yi ɗan tsaki. Na uku ne ya yi ƙara kamar an harba bindiga a cikin tulu. Abin da na gani bayan nan shi ne Baba a durƙushe, tafin hannayensa a fuskarsa, ba ya ihu, salati kawai yake yi a hankali, da 'yan ɗige-ɗigen dalma suna sheƙi a gemunsa. Tuluna ban san inda ya faɗi ba.

An kai shi asibiti a Gwarzo, daga nan aka wuce da shi Kano. Ya dawo da rai, bai dawo da ido ba, ko ɗaya. Kafin ya dawo labari ya riga ya sauya riga. Tandar ta ɓace tun a ranar, cikin rububin ɗaukar Baba. Baffa ya bi gari yana share hawaye yana cewa cikin tandunan Yaya ne da suka sha yoyo, ya hana shi ya ƙi ji. Maharban da ke wurin, wasu suka ce hankalinsu na kan wuta, wasu suka ce ba sa shiga tsakanin 'yan uwa. Ni na faɗa. Na faɗa wa Inna, na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a gaban Kaka, uwarsu. Kaka ta sa aka riƙe ni ta zane ni da tsumagiya, tana cewa 'yar ƙanƙanuwa da ni zan raba mata 'ya'ya. Matar Baffa kuwa ko kallona ba ta ƙara iya yi ba har ta koma ga Allah. Ba a yi wata biyu ba Baffa ya zo ya kwashe kasko da ludayi da zuga-zugi, wai kada su yi tsatsa. Zubi ya koma gidansa. Da Sarkin Bakan garinmu ya rasu, sarautar maharba da kowa ya san ta Baba ce, Baffa aka naɗa.

Ni na zama idon Baba. A nan karatuna ya tsaya, abin da na iya na rubutu ragowar wancan ɗan lokacin ne da abin da na tsinta a makarantar matan aure. Ina riƙe masa sanda zuwa masallaci, zuwa gona ya zauna a gindin kuka yana tambayata tsawon dawa. Har ya rasu, in an ba shi kwano sai ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne, hannun ya saba. Wata rana muna dawowa daga gona na kasa haƙuri.

Na ce, "Baba, me ya sa ka zuba? Ai na gaya maka."

Ya ce, "Kin gaya mini."

"Ba ka yarda da ni ba ne?"

"Na yarda da ke, uwata. Tun kafin ki rufe baki na yarda."

"To me ya sa?"

Muka ƙara 'yar tafiya. Sannan ya ce, "Ya rantse da Allah a gaban mutane. In na kai tandar nan kumatuna, na ce masa maƙaryaci ke nan, a gaban abokansa, a bakin 'yar cikina. Na ɗauka ko da laima kaɗan ce, tsaki za ta yi ta bari."

Na ce, "To ka faɗa wa mutane yanzu mana."

Ya ce, "Ido ya tafi. In ƙara da ƙane?"

Mutane suna jin wannan su ce Allahu akbar, mutumin kirki. Ni ban ji haka ba. Wani abu ne ya daskare mini a ciki ranar, mai nauyi, zagayayye, kamar an zuba shi a gurbi an bar shi ya huce. Da shi na yi budurci, da shi aka kai ni ɗakin miji. Da na haihu aka sa wa yaron sunan Baba, shi ya sa muke ce masa Abba. Tun daga ranar na zama abin da na zama: ba ya cin abu sai na ga tukunyar da aka dafa, ba ya wasa inda ban share da hannuna ba. In ya yi shiru na ce ba lafiya, in ya yi kuka na ce ba lafiya. Ina yawan duba idanunsa, ya yi ta ture mini hannu.

Gidan Baffa ba na zuwa sai dole. Dolen ta zo kwanakin baya, matar ɗansa ta haihu, Inna ta aiko ta ce in ban je suna ba ita za a zaga. Na goya Abba muka hau babur zuwa Kutama. Tsamiyar an sare ta, an yi shagon cajin waya a wurin. Tsakar gidan cike da mata, an jera murahu ana suyar wainar da za a fitar wa maza, ana guɗa ana shewa. Na sauke Abba, na tsaya gaisawa da wata gwaggonmu mai dogon zance. Ina juyowa na gan shi tsugune cikin yara a bakin murhun ƙarshe, rabin waina a hannunsa, bakinsa yana motsi. Na dubi murhun. Ja ce, da zanen igiya a gefe. Gurbi shida ake zuba wa ƙullu, na bakwai a fashe, baƙin tsagu ya ratsa shi. Ƙasan guraben kuwa wani toka-toka ne mai sheƙi wanda mai bai rufe shi ba.

Na cafki Abba na zura yatsa na ƙwaƙulo abin da ke bakinsa, ya tsala ihu. Na ce wa mai suyar, wata amaryar gidan ce da ba ta daɗe da zuwa ba, "A ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Tanduna ne suka yi kaɗan, Yaya. A ɗakin shirgin Baffa na gano ta a saman rufi. Na sha wahalar wanke ta, tokar ta ƙi fita."

"Ba ki san ta dalma ba ce?"

"Haba Yaya, ai na duba. An gaya mini mai dalma bakinta a gutsure yake. Kin ga wannan lafiyarta ƙalau."

Gaskiyarta. Lafiyarsa ƙalau bakin. Ashe rowa ba ta bar Baffa ya jefar da ita ba, ya ɓoye ta, ya ci gaba da zubi a sauran guraben a ɓoye har ya sami na ƙarfe, kuma bai taɓa gutsire ta ba.

Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta ce mini in ɗauki ɗana in yi shiru. Ga faranti an cika za a kai zaure, ga jikokinsa sun kewaye murhu suna jiran ɓarɓashi. Gidansa, tandarsa, zuriyarsa. Amma yaran nan ba su rantse wa kowa ba. Kuma ramuwar da mai laifi bai san an yi ta ba, ina daɗinta? Na ce kada wanda ya ƙara taɓa wainar murhun nan, na juye farantin a kwandon shara ina kallonsu, na bar guda uku. Na sa tsumma na sauke tandar da zafinta. Gwaggo tana "Ke, ina za ki? Maza ne a zaure!" Na ce na sani, wurinsu za ni.

An gama raɗin suna, dattawa suna zaune a kan tabarmi suna jiran abinci. Baffa yana tsakiya da rawaninsa, wani ƙaramin jikansa a cinyarsa. Na yi sallama na durƙusa.

"Baffa, barka da arziki. Allah ya raya."

"A'a, 'yar Yaya ce? Ke da kanki har zaure? Ina yaran gidan?"

"Wannan ba ta aike ba ce, Baffa. Taka ce kai kaɗai." Na ajiye wainar a gabansa, na ajiye tandar a gefenta.

Na daɗe ina jiran in ga fuskar nan. Ba ta yi wani abu mai yawa ba, leɓensa na ƙasa ne kawai ya saki. A gefensa akwai wani tsohon maharbi, abokin Baba, yana cikin waɗanda hankalinsu ke kan wuta a waccan ranar. Ya ce, "Sarkin Baka, 'yarka ta kawo, sa albarka mana. Ko haƙoran ne suka yi ritaya?" Aka yi dariya.

Baffa ya ce, "Na ƙoshi."

"Ka ƙoshi? Kai da tun ɗazu kake cewa matan nan za su kashe mu da yunwa?"

Na ce, "Ci mana, Baffa. Tandar gidanka ce. Duba bakinta, ba a gutsire ba. Ta abinci ce ke nan."

Bai motsa ba. Sai jikan nan nasa ya zame daga cinyarsa ya kai hannu ya ɗauki guda. Ni ma na yunƙura, amma Baffa ya riga ni. Ya buge hannun yaron har wainar ta yi tsalle ta faɗa kan tabarmar liman. "Kai! Dalma ce!"

Yaron ya fashe da kuka. Tsohon maharbin ya jawo tandar, ya bi bakinta da babban yatsa, a hankali, har ya zagayo inda ya fara. Ya leƙa fasasshen gurbin. Ya ce, "Marigayi bai taɓa zuba dalma a tandarsa bai gutsire ta ba. Ko sau ɗaya." Ya ɗago ya dubi Baffa. "Ka ce mana tasa ce."

Baffa ya ce, "An daɗe... abin ƙaddara ne..."

Na ce, "A rijiyar da ke bayan katangar nan aka wanke ta. Ka goge da rigarka, ka shafa mata toka. Na faɗa ina yarinya aka zane ni. To ga ni na girma, a sake zane ni."

Liman ya ce, "Haba 'yata, ranar farin ciki ce, a rufa asiri."

Na ce, "Allah gafarta Malam, an rufa. Da idon ubana aka rufa shi."

Akwai dutsen da ake tokare ƙofar zauren da shi. Na ɗauka, na kama tandar na gutsire mata baki, ɓalli guda babba, yadda Baba yake yi. Na tura ta gaban Baffa. Na ce, "Ka ce ta Baba ce. To yau ta zama tasa." Na tashi na shiga na goya ɗana, ko ruwan gidan ban sha ba.

Daga can asibiti na wuce. Ma'aikaciyar ta duba Abba ta ce loma ɗaya ba ta cika yin illa ba, in dai ba a maimaita ba, in dai sa ido. Sa ido kuwa ai shi ne sana'ata. Inna ta yi kuka ta ce na tona gida, daga baya da dare ya yi ta kira ni a waya ba ta ce komai ba sai "Allah ya yi miki albarka." Na ji an ce maharba sun daina zama a ƙofar Baffa, in ya shigo masallaci ana matsa masa fiye da yadda yake buƙata. Na ji daɗi. Malamai suna cewa mai yafiya shi ne babba. Ban musa ba. Baba ya yi girman nan, na ga abin da ya saya da shi.

Ran nan da la'asar ina tankaɗe, maigidana ya shigo ya ce ina da baƙo daga Kutama, dattijo ne, in yi wa Allah in fito. Na fito da Abba a hannu. Baffa ne a tsaye a soro, babu rawani, hula kawai, ya rame. Bai zauna ba, ni ma ban ce ya zauna ba. Ya tambayi jikin yaron, na ce da sauƙi. Ya yi ta murza carbi. Can ya ce, "'Yar Yaya, ni ban yi nufin abin da ya faru ba. Na ɗauka tokar za ta shanye ruwan. Wallahi tal..."

Na ce, "Dakata, Baffa."

Ya tsaya da baki buɗe.

Na juyar da fuskar Abba na kifa ta a kafaɗata, na dafe ƙeyarsa. Na ce, "Faɗi duk abin da ka zo faɗa, ina ji. Amma kada ka rantse a gidan nan. Rantsuwarka ta taɓa cin ido biyu, shi ma yaron nan biyu gare shi."